Tambayoyinku: Karatun Kula da Ma'aikata, Digiri na Farko da na Biyu

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina shirin shiga jami'a, kuma ina son in karanci fannin kula da ma'aikata, wanda ake kira HR, domin ina son hulɗa da jama'a, lissafi kuwa ba ma jituwa da shi. Yayana ya ce wannan ba kwas ba ne, ajiye fayil ne kawai da rubuta takardar hutu. Me ake koyarwa a ciki, kuma zai dace da ni? — Daga wata ɗaliba

AMSA: 'Yata, barka kadai. Maganar yayanki ba ta dame ni ba, abin da ake hangowa daga bakin ƙofar ofis ya faɗa. Dalilinki ne ya sa na gyara zama, domin da shi ni ma na shiga wannan fanni, kuma sai da aikin ya koya mini cewa son mutane kaɗai ba ya riƙe shi.

Digirin farko yakan ɗauki shekara uku a Ingila, huɗu a Amurka da ƙasashe da dama. Shekarar farko tare za ku zauna da 'yan sashen kasuwanci, ku yi akanta da tattalin arziki da ƙididdiga. Daga nan ake shiga ainihin fannin: yadda ake tallata gurbin aiki a tantance masu nema, yadda ake tsara albashi da alawus da fansho, horar da ma'aikata, auna ƙwazonsu kafin ƙarin girma, dokokin ƙwadago, da zaman sulhu da ƙungiyar ma'aikata kafin magana ta kai ga yajin aiki. Akwai kuma darasin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, wanda na san shi zai fi burge ki.

Bari in nuna miki inda lissafi ya shigo. A shekarar 1913, kamfanin motoci na Ford a Amurka sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 domin ya riƙe gurabe kusan 14,000, saboda mutane na shiga yau su gudu gobe. A watan Janairun 1914 kamfanin ya sanar da ladan dala biyar a yini, wanda ya ninka na da har da ɗori, ya kuma rage awoyin aiki daga tara zuwa takwas. Guduwar ta ragu sosai. Kafin a kai ga wannan shawara, dole wani ya zauna ya ƙirga: nawa ne ke tafiya, kuma nawa ake kashewa wajen koya wa sabo aikin da tsoho ya bari? Wannan ƙirgen shi ne rabin aikinmu har yau, sai dai yanzu a Excel ake yin sa.

Ɗaya rabin shi ne wanda kike so. Tsakanin 1924 da 1932 an yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Cikago. An fara da gwada ko ƙarin hasken fitila zai ƙara yawan aiki, aka ƙare da lura cewa zaman ma'aikata da junansu da yadda shugaba ke sauraronsu suna da nasu tasirin. Masana sun yi ta jayayya a kan sakamakon daga baya, amma za ki gamu da shi a aji ko ina kika je.

Ranar da na gane ba a raba rabin nan biyu, ita ce ranar da aka fara sa ni in sallami mutum. Mai kula da sito ne, shekararsa goma sha ɗaya a wurin, an rufe sashensu. Daren ranar na ɗauki takardar haƙƙinsa da aka riga aka shirya, na sake bin ta layi-layi, sai na ga an tsallake kwana ashirin da uku na hutun da bai ci ba. Da safe ya zauna a gabana, hannayensa biyu a kan gwiwa, bai ɗago ba har na gama karanta wasiƙar. Tambaya ɗaya ya yi: "Yaushe za a biya ni?" Tausayina bai iya mayar masa da aikinsa ba, amma kwanakin nan ashirin da uku sun shiga lissafinsa, kuma na iya faɗa masa rana. Da na tsaya a kan cewa ba na son lissafi, da ya tafi ba tare da su ba, kuma da ba wanda zai sani.

Saboda haka ki shiga, amma ki shirya da ƙididdiga da dokar ƙwadago tun daga zangon farko. Ba lissafin injiniyoyi ba ne: kaso cikin ɗari ne, da matsakaici, da karanta jadawali. Sannan ki tambayi kanki ko kina iya riƙe sirri, domin za ki san albashin kowa da ciwon kowa, ki kuma ci abincin rana tare da su bakinki alaikum.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Kimiyyar sinadarai na karanta, amma shekara huɗu ke nan harkar ma'aikata tana hannuna a ƙaramin kamfanin da nake aiki, mu arba'in ne. Ina yi ne da ka. In koma in sake digirin farko, ko in yi mastas a fannin, ko MBA, wato mastas na gudanar da kasuwanci, ko kuwa takardar ƙwararru ta isa? — Daga wani ma'aikaci

AMSA: Malam, ina amsawa. Kada ka koma baya. Yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu a wannan fanni suna karɓar wanda ya karanci wani abu dabam, kuma shekarunka huɗu jari ne da 'yan ajinka da yawa ba su da shi.

Mastas na kula da ma'aikata zurfi yake yi a rami ɗaya: tsara yawan ma'aikatan da za a buƙata nan gaba, tsarin albashi, sauya fasalin ma'aikata ba tare da an tarwatsa mutane ba, da nazarin alƙaluma. A Birtaniya shekara ɗaya ne ga mai cikakken lokaci, a Amurka yakan kai biyu. MBA kuwa faɗi yake yi, ya taɓa kuɗi da talla da sarrafa kaya, harkar ma'aikata ta zama darasi ɗaya ko biyu a ciki. In burinka ka shugabanci kamfani gaba ɗaya, MBA ne naka. In kuwa a nan ka ga wurin zamanka, ka yi mastas na fannin.

Takardun ƙwararru suna da daraja. Cibiyar ƙwararrun kula da ma'aikata ta Birtaniya, wato CIPD, wadda asalinta ya faro a 1913 a matsayin ƙungiyar masu kula da jin daɗin ma'aikata, tana da matakai uku, na 3 da na 5 da na 7, kuma na 7 ɗin a sahun karatun gaba da digirin farko yake. Akwai jami'o'in da ta amince da mastas ɗinsu, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A Amurka akwai takwararta SHRM, wadda aka kafa a 1948, da nata jarrabawar. Sai dai ga inda nake jan kunnen kowa: dokar ƙwadago ta ƙasa-ƙasa ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, yarjejeniyarta ta farko a kan awa takwas a yini da 48 a mako ce ga masana'antu, amma wa'adin sanarwar sallama da tsawon hutun haihuwa da yadda ake lissafin garatuti, kowace ƙasa da nata. Takardar wata ƙasa ba za ta koya maka dokar da alƙalin ƙasarka zai yi hukunci da ita ba. Ka nemi cibiyar ƙwararru ta inda kake aiki, ka haɗa da ita.

In ka zo zaɓen jami'a, ka duba ko a cikin malaman akwai wanda ya taɓa zama gaba da gaba da wakilan ma'aikata ana cinikin albashi. In lokacin kundin bincike ya yi, ka nemi izinin shugabanninka ka ɗauki matsala daga cikin mutanenka arba'in ɗin nan, ka ɓoye sunayensu.

TAMBAYA: Anti, ina shekarar ƙarshe a wannan kwas. In zarce mastas kai tsaye? — Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗana, in koyarwa a jami'a kake hari, ko ka samu tallafin karatu da ba zai jira ka ba, ka zarce. In ba haka ba, ka yi aiki shekara biyu ko uku tukuna, ko da na shigar da sunaye a jadawalin albashi ne. Ka zauna a ganawar ɗaukar aiki, ka rubuta takardar tuhuma da hannunka, ka ga fuskar wanda aka miƙa wa. Ranar da malamin mastas ya fara darasin ladabtarwa, kai da wannan fuskar za ka saurare shi, ka kuma ɗaga hannu ka tambaye shi abin da ya kamata a yi in shugaban sashe ya ƙi bai wa ma'aikacin damar kare kansa.