Kano zuwa Jidda a jirgi: kilomita nawa ne, kuma awa nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Mahaifina zai sauke farali bana, kuma gardama ta kaure a majalisarmu. Wani Alhaji ya ce awa huɗu ne zuwa Jidda, wani da ya je a 2023 ya ce sun haura awa shida. Wane ne mai gaskiya? Nisan wurin nawa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya kai Baba lafiya, ya karɓi ibadarsa.

Alhazan nan biyu duk gaskiya suka faɗa. Idan aka miƙe kai-tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Jidda, nisan kimanin kilomita 3,400 ne, wato kamar Kano zuwa Legas ta sama har sau huɗu. Idan Madina aka nufa, ƙara kilomita 150 ko kusa da haka. Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sama, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Haɗa da tashi da sauka, sai ka samu awa huɗu da rabi, ko ƙasa kaɗan.

To ina awa shida ta fito? Jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Sama ma tana da hanyoyi, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisanta. Miƙaƙƙiyar hanyarmu ta ratsa Chadi ne, ta keta Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Kusan sawun kakanninmu ke nan, waɗanda suka taka da ƙafa da jakuna har Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya, wasu su yi shekaru suna noma da ƙodago a hanya kafin su ga Ka'aba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye. Jidda tana nan inda take, hanya ce ta ƙara tsawo, man jirgi ya ƙaru, kuɗi ma haka.

Akwai kuma abin da ke ruɗa mutanenmu sosai: agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi, zai tarar ƙarfe 4:30 na yamma a Jidda, alhali agogon hannunsa na nuna 2:30. A dawowa sai lissafin ya juya. Wannan nake so ka zaunar da Baba ka fahimtar da shi, musamman idan yana shan maganin suga ko na hawan jini a kan lokaci. Ya sa maganin a jakar hannu, kada ya bari a babbar jaka, ya kuma tambayi likita yadda zai daidaita shansa. A cikin jirgi ya riƙa shan ruwa yana motsa ƙafafu.

Ku kuma tambayi jami'an alhazai inda jirginsu zai sauka, don wanda aka kai Madina sai ya zo tafiya Makka zai ɗaura harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, kuma tsakanin garuruwan biyu akwai fiye da kilomita 400 a ƙasa.