Tambayi Likita: Man shafawa zai iya maganin kansar fatar ido?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan ido suka taru, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomi ne, ya haura shekara 70. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a fatar ido ta ƙasa, kusa da hanci, yau ya kusa shekara. Sai ya yi ɓawo kamar zai warke, sai kuma ya fashe ya yi jini. A asibiti an ce ana zargin kansa ce, sai an yanka. Baba ya ce shi kam ba mai kai masa wuƙa kusa da ido. Na ji an ce akwai man shafawa da ke cinye irin wannan. Gaskiya ne? A ina zan samu? Daga wani ɗalibi a Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Man akwai shi, ba ƙarya aka yi maka ba. Sunansa imikwimod, an fi saninsa da Aldara. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 don wasu tsiro da ke fitowa a al'aura, sai a 2004 ta yarda a yi amfani da shi a kan kansar fata da ake kira basal, ita ce kuwa wadda aka fi samu a fatar ido. Shi man ba da kansa yake kashe ciwon ba. Garkuwar jikin mutum yake tasowa ta far wa wurin. Ana shafa shi da dare, sau 5 a mako har mako 6, ya kwana kamar awa 8, da safe a wanke.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Amincewar da aka yi masa ta ƙananan ciwuka ce, waɗanda ba su wuce santimita 2 ba, masu shimfiɗe a saman fata, kuma a ƙirji ko baya ko wuya ko dantse ko cinya. Babu fuska a ciki. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2014, ya nuna bayan shekara 3 mutum 84 cikin 100 da suka shafa man sun rabu da ciwon, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa 98 cikin 100. Wannan ma a wuraren da ba su da haɗari ne, ba gefen ido ba. Likitocin ido kan ba da man a kusa da ido wani lokaci, amma ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, ko wanda gwaji ya nuna ciwonsa bai nutsa ba, kuma suna duba shi a kai a kai.

Wurin da ka ce ƙurjin Baba yake, wato kusurwar ido ta wajen hanci, shi ne wurin da ya fi ba mu tsoro. Nan hanyar hawaye take, fatar wurin siririya ce, ciwon kuma yana samun hanyar gangarawa cikin kwarmin ido. Kansar basal ba ta cika tsallakawa huhu ko hanta ba, a inda take take ci, kamar yadda gara ke cinye azara ta ciki alhali daga waje ɗaki yana nan tsaf. Man zai iya gyara saman, fata ta haɗe, kowa ya yi hamdala, saiwar kuwa tana ƙasa tana tafiya. Idan ta kai ciki, aikin da ke jiran mutum shi ne cire idon gaba ɗaya, abin da Baba ke gudu ke nan.

Abin da zan ce ka yi: kada ka je kemis neman man nan. Ka kai Baba sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Za a fara yankar ɗan guntun naman, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a kai ɗakin gwaji a ga wace iri ce da yadda ta nutsa. Sai da wannan sakamakon ake yanke shawara. Ka kuma kwantar wa Baba da hankali: idan ciwon ƙarami ne, galibi allurar kashe zafi ake yi a wurin, yana farke, ba a taɓa ƙwayar idon, kuma sau da yawa ranar yake komawa gida. Ina ganin da yawa daga cikin dattawanmu ba wuƙar suke tsoro ba, maganin barcin ne, suna ganin in an kwantar da su ba za su tashi ba. Ka tambaye shi a hankali, wataƙila nan matsalar take.

TAMBAYA: Likita, ɗana zabiya ne, shekararsa 24, yana sana'ar sayar da kaya a kasuwar Sabon Gari. Wasu tabo masu kaushi sun fito masa a goshi da gefen ido. Likitan fata ya ba shi mai, sunansa Efudix. Yau kwana 10, wurin ya yi ja wur, yana ruwa, yana zafi. Makwabta sun ce man ne bai karɓe shi ba. Mu daina? Daga wata uwa a Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wannan ja da ruwan da kike gani, aikin man ne. Efudix yana ɗauke da maganin da ake kira 5-FU, wanda ke kashe ƙwayoyin fatar da rana ta lalata suka fara girma ba bisa ƙa'ida ba. A mako na biyu wurin kan yi ja, ya sale, ya yi ɓawo, har wuraren da ba ku san da ciwo ba su ma su fito fili. Bayan an gama kwanakin da likita ya ɗiba, yawanci mako 2 zuwa 4, sai sabuwar fata ta biyo baya. Kada ku daina don maganar makwabta, kada kuma ku ƙara kwana ko ɗaya a kan abin da aka ce.

Abin da nake so ki kiyaye shi ne idon. Ya shafa kaɗan da tsinken auduga, ya bar tazara tsakaninsa da gashin ido, ya wanke hannu da sabulu. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In idon ya yi ja, ko gani ya ragu, ko wurin ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi da gudawa da ciwon baki suka zo, a dakata a koma asibiti ranar. Mace mai ciki ba ta amfani da shi, gara ma kada ta taɓa.

Sai kuma ki shafa tabon da yatsa. Wanda ya yi tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata, ko ya zama gyambo, ya wuce aikin mai. A wurin zabiya a ƙasashenmu, kansar da ake kira sukwamus ta fi yawa, ita kuma tana iya bazuwa zuwa kaluluwar gaban kunne da wuya, don haka yanka ake yi, wani lokaci a haɗa da gasa wurin da hasken na'ura a asibiti. Zaman kasuwa kuma sai da rumfa, da malafa mai faɗi, da tabarau, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Hula zanna ado ce, ba ta tare wa ido rana.

TAMBAYA: Yaya zan bambance hazbiya da kansa? Daga wata matar aure a Gyallesu.

AMSA: Hazbiya tana zuwa da zafi da kumburi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ana gasa ta da tsumma mai ɗumi takan washe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kansa ba ta cika zafi ba da farko. In ƙurji ya wuce wata guda, ko gashin idon wurin ya zube, ko yana jini, ko yana dawowa wuri ɗaya, a je a duba. A baƙar fata ciwon kan yi duhu kamar tawadar Allah. Kuma 'yar'uwa, kada ki shafa masa mayukan bilicin ko na ƙaiƙayi masu sitiroid, suna kwantar da jan ne kawai su ɓoye ciwon.

TAMBAYA: Wani farin nama ya tsiro mini a kan farin idona, gefen baƙin, yana ƙara girma. Zan iya shafa irin man kansar fata a wurin? Daga wani ɗan acaɓa a Kwangila.

AMSA: A'a Malam, ko kusa. Ba a saka man fata cikin ido, zai ƙona shi. Abin da ka kwatanta zai iya zama tsiron da rana da ƙura ke jawowa, wanda ba kansa ba ne kuma yana da yawa ga masu aiki a waje irinka. Zai iya kuma zama kansar saman ido, wadda ta yawaita a Afirka, musamman ga masu ƙwayar cutar HIV. Da ido kaɗai ba a raba su, sai an cire an gwada. In kansa ce, akwai 5-FU na ɗigawa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake haɗawa musamman don ido. Wani bincike a Kenya a 2016 ya nuna ɗiga shi sau 4 a rana har mako 4 bayan tiyata ya rage dawowar ciwon cikin shekara daga 36 zuwa 11 cikin 100. Ka je sashen ido cikin makon nan, in an ce a gwada jininka kada ka ƙi.