Jita mai tsirkiya bakwai a kiɗan jaz: ta bakwan a B za a bar ta ko a A?

Tambaya: Ina kaɗa jita a Gombe, mu uku ne: ni, mai ganga da mai busa saksofon, ba mu da mai bes. Na sayi jita ta hannu mai tsirkiya bakwai don in cike wannan giɓi, amma ta bakwan a B ta zo, kuma da na haɗa kod (sautuka da dama a lokaci guda) da ita sai sautin ya dagule. Wani kuma ya ce in mayar da duk tsirkiyoyin tazarar huɗu-huɗu. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, sauke ta bakwan zuwa A, ka canza mata tsirkiya mai kauri, sauran shidan kuma ka bar su yadda hannunka ya san su. Maganar huɗu-huɗu ka ajiye ta tukuna.

Jitar da ka saya da B ta zo domin yawancin masu tsirkiya bakwai da ke yawo a kasuwa don masu kiɗan rok aka ƙera su, tun daga Ibanez Universe ta 1990. Masu jaz sun riga su da shekaru fiye da hamsin. George Van Eps na Amurka ya sa kamfanin Epiphone ya ƙera masa tasa a 1938, Gretsch kuma ta fitar da samfuri mai sunansa a 1968. A kan A ya ɗaure ta bakwan, Bucky Pizzarelli da Howard Alden suka bi sahunsa. Dalilin mai sauƙi ne: tsirkiya ta biyar A ce, ta bakwai ma A ce amma oktef guda a ƙasa, wato sauti ɗaya ne sai dai ya fi zurfi. Duk kod ɗin da tushensa, wato sautin da kod ɗin ya samo suna daga gare shi, ke kan ta biyar, sai ka ɗauke yatsan nan ka ɗora shi a kan ta bakwai, a daidai wannan gaɓar ta wuyan jita, sauran yatsu ba su motsa ba. Babu sabon karatu. Da B kuwa, kowane tushe sai ka sake lissafa masa wuri, ga shi ka yi asarar sautuka biyu daga ƙasa. A tana kaɗawa sau 55 a daƙiƙa, B kusan sau 62, E ta shida kusan 82. A ɗin nan ita ce daidai da tsirkiyar A ta jitar bes, wato ka shiga gonar mai bes da gaske.

Dagulewar sautin kuma abu biyu ke kawo ta, ɗaya a hannu, ɗaya a jikin jita.

Na hannu shi ne cunkoso. Sautuka masu zurfi ba sa son maƙwabci na kusa. Idan ka danna ta bakwai da ta shida da ta biyar a lokaci guda, kunne ba ya iya raba su, sai ka ji gurnani kawai. Ka bar tushe shi kaɗai a ƙasa, ka tsallake tsirkiya biyu (ɗaya in tushen na kan ta shida), sannan ka sa sauti na uku da na bakwai na kod ɗin a kan ta huɗu da ta uku. Gwada wannan a makullin C. Dm7: ta bakwai gaɓa 5, ta huɗu gaɓa 3, ta uku gaɓa 5. G7: ta shida gaɓa 3, ta huɗu gaɓa 3, ta uku gaɓa 4. Cmaj7: ta bakwai gaɓa 3, ta huɗu gaɓa 2, ta uku gaɓa 4. Lura da yadda a sama yatsa ɗaya ne kawai ke matsawa gaɓa guda a kowane sauyi, ƙasa kuma na tafiyarsa D, G, C kamar akwai mutum na huɗu a cikinku. Wannan da yatsu ake yin sa: babban yatsa ya riƙe bes, manuni da na tsakiya su tsinko kod. Da pik, ɗan abin tsinkar tsirkiya, za ka dinga goga tsirkiyoyin da ka tsallake. Kuma ta bakwai tana da ɗabi'ar yin ƙugi ita kaɗai idan an kaɗa ta biyar, tunda sunansu ɗaya, don haka gefen babban yatsan dama ko tafin hannu ya riƙa kwanciya a kanta duk lokacin da ba a buƙatarta.

Na jikin jita shi ne kauri. Tsirkiyar B da ake sa wa irin waɗannan jitoci ba ta cika wuce inci 0.056 zuwa 0.059 ba. Sauke ta daga B zuwa A yana rage mata tauri da kusan kashi 21 cikin ɗari, sai ta zama lagwani, tana dukan ƙarafan gaɓa, in ka tsinke ta da ƙarfi sautin ya haura sannan ya dawo. A kan wuya mai tsawon inci 25.5, nemi 0.070 zuwa 0.080, wato kusan milimita biyu. In sauran shidan masu santsin naɗi ne, 0.012 zuwa 0.052 kamar yadda masu jaz suka fi so, to ita ma ta zama mai santsi, don kada launin sautinta ya fita daban.

Sa irin wannan tsirkiya yana da ɗan aiki. Ramin da take kwanciya a ƙashin kan wuya zai yi mata kaɗan. A faɗaɗa shi da ƙaramin zarto mai zagaye, faɗi kawai, kada a ƙara zurfi, in ba haka ba za ta yi zizi a buɗe kuma sai an sake ƙashin. Hujin makunnin ma wani lokaci ba ya ɗaukar 0.080. Ko a warware naɗin waje na ƙarshen tsirkiyar kamar santimita uku a zura cikin, ko a buɗa hujin kaɗan. Sannan jaki, inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita: kwatanta sautin tsirkiyar a buɗe da sautinta a gaɓa 12 da na'urar saiti. In na gaɓa 12 ya haura, ja mazauninta baya. Mai kauri kusan kullum baya take so, har wani sa'in sai an cire ɗan sifirin da ke bayan mazaunin kafin wuri ya isa. Bayan kwana biyu duba lanƙwasar wuya: danne gaɓa ta farko da ta ƙarshe, ratar da ke tsakiya ta kai kamar milimita 0.25. In za ka taɓa ƙarfen cikin wuya, kwatan juyi ya isa a rana.

Irin wannan kauri ba a cika samunsa a shagunan kusa ba, sai an aika Jos, Abuja ko Legas, don haka sayi biyu lokaci guda. Tsirkiyar A ta jitar bes tana iya tsayawa a madadinta, sai dai ƙullin gindinta ya fi girma, ba kowane jaki ke karɓarsa ba. A amfilifaya kuma rage bes, kada ka ƙara. Ƙaramar lasifika mai inci 8 ba ta iya fitar da 55 ɗin nan da tsabta, mai inci 12 ko ta mai kibod ta fi. Ga kuma hunturu: iskar Gombe daga Disamba zuwa Fabrairu tana tsotse itace, wuya ya motsa, bakin ƙarafan gaɓa ya fito yana yankan hannu. Saitin da ka yi da damina ba zai kai ka bazara ba. Jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwanin sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin jitar, yana rage wannan sosai.

Shawarar abokinka ba shirme ba ce. Saitin huɗu-huɗu shi ne E A D G C F: ana ɗaga ta biyu daga B zuwa C, ta ɗaya daga E zuwa F, kowacce taurinta ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Stanley Jordan da shi yake kiɗa. Amfaninsa, siffar yatsu ɗaya tana aiki a ko'ina, karkatar nan da ke tsakanin G da B ta kau, wanda ke taimaka wa mai yawan solo. Farashinsa shi ne kod ɗin da ake shimfiɗa yatsa ɗaya a danne tsirkiya shida sun tafi, kuma duk abin da ka haddace a kan tsirkiyoyi biyun sama sai an sake shi. Akwai ma na uku-uku da Ralph Patt ya fito da shi a shekarun 1960, wanda saboda matsewar tazara sai da tsirkiya bakwai ko takwas yake kai faɗin jita ta yau da kullum. Dukansu suna gyara matsalar siffa ne, kai kuwa matsalarka rashin bes ce. In ka haɗa sauyi biyu a wata guda, ranar biki za ka tsaya kana neman C a wuyan jitarka, mai saksofon yana hararanka. In bayan shekara har yanzu huɗu-huɗun na ranka, gwada shi a wata jitar mai shida. Kod ukun da na ba ka ma, in ka mayar da tushen ta bakwai kan ta biyar, ba za su canza ba, tunda babu wanda ya taɓa ta biyu ko ta ɗaya a cikinsu.