Idan ruhun Yesu ne kawai ya tashi, me zai ragu?

Tambaya: Malam, ni mai bi ne, amma akwai abin da ke ɗaure mini kai. Me ya sa Ikkilisiya ta nace cewa Yesu ya zama mutum na gaske, kuma da jikinsa ya tashi? Ko da ruhunsa ne kawai ya tashi, ai koyarwarsa tana nan.

Amsa: Ɗan'uwa, koyarwa za ta saura, amma ceto ba zai saura ba. Wannan tunani kuwa ya daɗe. Tun zamanin manzanni aka sami masu cewa kamannin mutum kawai Yesu ya ɗauka, yunwarsa da jininsa duk ganin ido ne. Da su 1 Yohanna 4:2-3 take, inda ta sa shaidar zuwan Almasihu cikin jiki ta zama ma'aunin gane ruhun da ke na Allah. A farkon ƙarni na 2, Ignatiyus, bishop na Antakiya, ana kan hanyar kai shi Roma a kashe shi, ya tambayi irin waɗannan mutane: in wahalar Almasihu ta ganin ido ce, shi don me yake ɗaure cikin sarƙa?

Dalilin nacewar shi ne, a cikin jiki mutuwa take kama mu. Ibraniyawa 2:14 ta ce tun da 'ya'yan masu nama da jini ne, shi ma ya ɗauki nama da jini, domin ta wurin mutuwa ya hallaka mai ikon mutuwa, wato Iblis. Wanda ya faɗa rijiya, kira daga baki ba ya fid da shi, sai wani ya sauka. Bishop Giregori na Naziyanzus, a ƙarni na 4, ya taƙaita maganar: abin da Almasihu bai ɗauka ba, bai warkar ba. Yana mayar wa Afolinariyus martani ne, wanda ya yarda Yesu yana da jiki amma ya ce ba shi da hankali irin na ɗan adam. Majalisar shugabannin Ikkilisiya da aka yi a Kalkedon a shekara ta 451 ta tsaya a kan cewa Yesu Allah ne cikakke, mutum ne cikakke.

Batun tashi kuma, nan ne nake ganin masu bi da yawa sun fi kama da Helenawa, wato Girkawan dā, ba su sani ba. Masana falsafarsu da dama sun ɗauki jiki kurkukun rai, mutuwa kuma sakinsa. Shi ya sa da Manzo Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, wasu suka yi masa ba'a. Da maganar ruhu mai rayuwa bayan mutuwa ya kawo musu, da wuya su yi dariya, sun saba ji. To, in ruhun Yesu ne kaɗai ya tsira, kabari ya riƙe abin da ya kama ke nan, ba a ci shi da yaƙi ba. Bulus bai sassauta ba a 1 Korintiyawa 15:17: in ba a ta da Almasihu ba, bangaskiyarku banza ce, har yanzu kuna cikin zunubanku. Luka 24 ma ta nuna almajiran sun fara zaton fatalwa ce, sai ya ce su taɓa shi, ya ci gasasshen kifi a gabansu.

Kada dai a haɗa wannan da na Li'azaru, wanda Yesu ya tayar daga matattu. Shi an komo da shi rayuwar da ya bari, daga baya zai sake mutuwa. Jikin Yesu shi ne wanda aka gicciye, har da gurbin ƙusoshi da almajirinsa Toma ya gani, amma ruɓa ba ta da sauran iko a kansa. Bulus ya kira shi nunan fari, wato sauran girbin, jikunan masu bi, yana tafe.

Abin har ya shafi zaman yau. Da wasu a Korinti suka ce abin da aka yi da jiki ba komai ba ne, Bulus bai tsaya kan doka ba. A 1 Korintiyawa 6:13-14 ya hana su fasikanci da hujjar cewa jiki na Ubangiji ne, kuma Allah da ya ta da Ubangiji zai ta da mu da ikonsa.