Ni da Maigida Mun Bar Nama: Me Zan Riƙa Ɗorawa a Tukunya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gwammaja, yaranmu biyu. Likita ya ce jinin maigidana ya hau, ga ƙiba, don haka ya rage nama da maiƙo. Sai muka yi shawara mu bar nama gaba ɗaya, mu koma kan hatsi da ganye, ya kuma daina cin abincin waje. Yau sati uku ke nan, yunwa ba ta barinsa, ni kuma nakan ji jiri. Hajiyarsa ta ce ramewa kawai za mu yi. Don Allah me ya kamata in riƙa dafawa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da ba ki raba tukunya da shi ba. A wurin aikina na ga maza da yawa da aka ware wa kwanonsu na marasa lafiya, ba a rufa wata suke komawa wajen mai tsire.

Ina kyautata zaton kin tsame nama daga miya ne kawai, sauran kika bar shi yadda yake: shayi da burodi da safe, shinkafa da miyar tumatir da rana, taliya da dare. In haka ne, yunwarsa tana da dalili. Mutum mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 56 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowace rana, kuma farar shinkafa ba za ta cike masa wannan gurbin ba.

Wake ne zai cike shi, kuma ba sai kin nemi wani abincin Turawa mai tsada ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Abin da hatsi ya gaza da shi wake yana da shi, abin da wake ya gaza hatsi ya cike, shi ya sa garau-garau da ɗanwake da ƙosai da koko suke riƙe ciki. Kada rana ta fito ta faɗi ba ku ci wake ko awara ba. In da hali, ku yi sarin wake da gero da dawa a Dawanau, ganye da kayan miya kuma a 'Yankaba.

Inda mata suka fi karaya shi ne miya, sai su ji ta yi salam. Ga yadda nake yin ta kuka a gidana: in surfa wake rabin gwangwani, in daka shi sama-sama, in zuba a ruwan miya tare da daddawa mai kyau da albasa da citta da masoro, in bar shi ya nuna har ya narke, ƙaurin daddawa ya fita, sannan in kaɗa kuka. Wanda ba a gaya wa ba, da wuya ya nemi tsoka. Miyar taushe kuwa da ma kabewa da gyaɗa ne ƙarfinta. Awara kada ki tsoma ta a tafasasshen mai kullum. Ki yanka ta ƙanana, ki gasa a kasko da mai cokali ɗaya, ki jefa a miyar alayyahu. Da yamma kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya fi masa cincin da lemon kwalba. Sai dai ki zubar da duk gyaɗar da ta yi funfuna, gubarta hanta take taɓawa.

Tunda hawan jini ne ya kawo maganar, gishiri ya fi nama zama abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da na cikin dunƙulen magi. Kanwa ma danginsa ce. Ki jiƙa wake tun dare, ki zubar da ruwan, zai nuna ba tare da ita ba, kumburin ciki ma zai ragu. Maganinsa kuma kada ya ajiye sai likita ya ce.

Jirinki ne ya fi damuna. Ki je a auna miki jini a wannan satin, a duba ko ƙarancinsa ne. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake haɗa jini da shi, na wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba, amma lemon tsami ko tumatir ko gwaiba a kan abinci suna taimaka masa, shayi kuwa tare shi yake yi, don haka ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da abinci.

Akwai kuma bitamin B12, wanda babu shi a gero ko wake ko zogale. Jiki yana ajiye shi na shekaru, sai an sakankance ƙarancinsa ya bayyana da kasala da mantuwa da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. Shawarata, ku bar kindirmo da ƙwai a cikin abincinku. In kun dage sai kun bar su, to ƙwayar B12 ta zama dole. Yaran nan kuwa, da ke kanki in kina da ciki ko kina shayarwa, ban yarda a hana ku ƙwai da nono da kifi ba.

Hajiya tsoro take ji wa ɗanta, kada ki ja da ita. Nama halal ne, tsoka biyu ranar layya ko a gidan suna ba za su rushe muku komai ba. Ranar Juma'a ki tuƙa tuwon dawa da miyar kukar nan, ki aika mata a kwano mai murfi tun da zafinsa.