Launin kifin katako a ƙarƙashin ƙanƙara

Ɗan'uwa, kana tambaya wane launi ya fi dacewa da kifin katakon da ake zurawa ta ramin ƙanƙara don jawo fayik, wani dogon kifi mai cin ƙananan kifaye, zuwa bakin mashi. Fara da mai jan kai da farin jiki. Shi ne aka saba da shi a tafkunan jihar Minesota ta Amurka.

Sai dai ka duba ruwan. In ya yi duhu-duhu, koma launin ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Bara na yini cikin bukkar duhu da ake kafawa a kan ramin, yatsuna sun sandare, ina ta canza launi a banza. Da na ja zaren a hankali, kifin katakon ya riƙa zagaye, sai ga fayik ya tsaya cak ƙarƙashin ramin.