Kaskon turare na tagulla da maigidana ya sayo a Chana, da gaske na sarki ne?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Maigidana ya sayo min kaskon turare na tagulla a Guangzhou, ƙafa uku gare shi, da ɗan zaki a kan murfin, dodanni sun zagaye jikinsa, a gindinsa kuma akwai rubutun Chana harafi shida. Wai mai shagon ya ce na zamanin wani sarki Xuande ne. Gaskiya ne? Kuma zan iya turaren wuta da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ranki ya ɓaci, amma da wuya ya zama na Xuande. Shi Xuande sarki ne na daular Ming, ya yi mulki daga 1426 zuwa 1435, kuma kaskonsa ya yi suna sosai har maƙera suka riƙa buga tambarinsa a gindin kayansu shekara aru-aru bayan ya mutu, har yau ma ana yi. Harafi shidan nan ma'anarsu kawai "an yi a zamanin Xuande na babbar daular Ming", kowa zai iya bugawa.

Abin da ya fi sa ni shakka ma shi ne adon da kika lissafo. Irin waɗanda ake dangantawa da Xuande yawanci ba su da hayaniyar ado, jiki sumul, kunne biyu, kyansu a launi da nauyi yake, wasu a ɗiɗɗiga musu zinare kamar yayyafi shi ke nan. Wanda ya cika da dodo da zaki ya fi kama da aikin baya-bayan nan. Ga shi kuma dokar Chana ta hana fitar da kayan tarihi da suka girmi 1911, to ta ina na ƙarni na 15 zai bi ya shigo jakar ɗan kasuwa?

Amma fa adon ba na banza ba ne. Ƙafa ukun nan an kwaikwayo ta ne daga ding, tukunyar tagulla ta tsafi tun zamanin daular Shang. Zakin mai gadi ne, sau da yawa ma ta bakinsa hayaƙin ke fita, ni dai wannan dabara tana burge ni. Dodon da suke kira long alamar mulki ce, ki ƙirga faratansa, mai biyar a da na sarki ne kaɗai. In kin ga jemage kar ki tsorata, sunansa fu, sauti ɗaya da kalmar sa'a a yarensu.

Turare kuwa ki yi abinki, sai dai ki fara zuba toka a ciki kafin garwashi kamar yadda su ma suke yi, don tagulla na ɗaukar zafi da sauri, za ta iya ƙona miki hannu ko kafet. Kuma don Allah kar ki dirje shi da lemon tsami da toka wai sai ya yi ƙyalli, duhun nan na jikinsa shi ne kwalliyar, busasshen ƙyalle ya isa.